Shekarar da Juya ta haihu

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Janairu, ambulan ɗaya ke faɗowa a akwatina na gidan waya. Takarda ce mai shafi biyu daga ofishin dillalan hannun jari. A cikinta an jera kamfanonin da nake da hannu a ciki, da farashin kowane hannu a farkon shekara da ƙarshenta, da rabon ribar da aka biya ni. A ofishin relebe suke ce mata. A gidana kuwa takardar Juya ake kiranta, kuma ba ni na raɗa mata wannan suna ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yaya, shekara tara tsakaninmu. Kakanmu falken shanu ne, daga arewa yake koro su har bakin teku, a nan Zongo na Kwatano ya ajiye sandarsa ya yi aure. Mahaifinmu ya sayar da sauran shanun ya sayi kamiyo biyu, manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Parakou da Malanville. Shanun sun tafi, amma maganarsu ta zauna a bakin 'yan gidan. In mota ta daɗe a gareji sai a ce ta rame. In an sa mata sababbin tayoyi a ce ta ƙoshi. Jari kuwa dama uwar kuɗi ne a bakin kowa, to mu a gidanmu uwar ba riba take kawowa ba, haihuwa take yi.

A watan Cika-ciki ake zaman shekara. Bayan azahar a shimfiɗa tabarmi a zauren Baba, a fito da littattafan direbobi, a cire kuɗin mai da na gyara da na hanya, a fitar da zakka, sannan babba ya dubi kowa ya yi tambayar da na tashi ina ji tun ina yaro: "To, me ta haifa bana?" Da an faɗa, sai a shigo da babban tire na shinkafa da wake da soyayyen wagashi, cukun nan na nonon shanu, duk mai hannu a dukiyar ya sa hannunsa a tiren nan ɗaya. Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya gaji tambayar.

Ni aka kai lekol, makarantar boko. Na fito kwantabul, wato akanta, na yi aiki a ofishin gwamnati, shi ya sa har na yi furfura "Mushe" Yaya yake ce mini, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Na ga lokacin da albashi ya yi watanni bai zo ba, na ga ranar da muka tsaya a ƙofar banki da ɗan littafin ajiya a hannu, ƙofar a garƙame. Da zamani ya juya, aka dawo da zaɓe, kowa ya samu bakin magana a rediyo, sai na karɓi kuɗin sallama na bar aikin. Na dawo gida da lokaci mai yawa da kuma kai mai cike da lissafi, abin da ya zame wa Yaya jarrabawa. Na bi littattafan motocin nan layi layi. Na nuna masa inda tayoyi ke cinye mu, da inda shingayen hanya ke cinye mu, da inda direbobi ke cinye mu. Gaskiya na faɗa, amma da muryar malamin makaranta na faɗe ta, ga mutumin da ya kwana a ƙarƙashin mota don a biya mini kuɗin littattafai.

A ƙarshen shekarun nan aka buɗe kasuwar hannun jari ta ƙasashenmu masu amfani da sefa, aka buɗe mata reshe a Kwatano. Na je na ji bayani, na dawo kaina ya ɗau zafi. Na tambayi wani malami, ya ce in guji kamfanin giya da na bashi da ruwa, sauran kasuwanci ne. Sai na ce wa Yaya ina son rabona na gado.

Bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni sau biyu ko na yi shawara da matata. Daga nan ya sayar da mota ɗaya, wadda Baba ya fi so, ya ƙirga mini kuɗina a gaban shaidu. Da zan tashi ya ce, "Mushe, ka cire hannunka daga namu za ka sa a na mutanen da ba su san sunan ubanka ba. Allah ya sa albarka. Amma wurinka a tire yana nan."

Na sayi hannu a kamfanin tarho, da na manja, da na roba, da wani na siminti. Ban taɓa ganin ƙofar ko ɗaya daga cikinsu ba.

A lokacin shekararmu goma sha huɗu da aure, ni da matata, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Atamfa take sayarwa a kasuwar Missèbo, mace mai dariya da saurin lissafi, wadda kafin in ɗauko biro ta riga ta faɗi amsa. Mun je asibiti, mun sha saiwoyi, daga baya muka gaji muka bar wa Allah. Ba ma maganar a gida. Yaya kuwa ƙanwata yake ce mata, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi sakin jiki da ita a kaina. Duk tafiyar da ya yi arewa sai ya kawo mata zuma.

Zaman shekara na farko bayan na cire hannuna, na je da relebe a aljihu, na goge takalmi kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Akwai Yaya, da mijin yayarmu, da tsohon direban Baba, da wasu dattawa biyu na unguwa da ake kira shaida. Aka gama lissafin motar da ta rage. Ba ta yi laifi ba. Sai Yaya ya juyo yana murmushi.

"To Mushe, taka uwar me ta haifa bana?"

Na warware takarda na fara bayani. Na ce farashin hannayena ya tashi sosai, in da zan sayar yau da na samu fiye da abin da na zuba.

"Ka sayar?"

"Ban sayar ba."

"To me ya shigo hannunka?"

Na ce rabon riba bai taka kara ya karya ba tukuna, domin kamfanoni biyu ba su raba komai ba a shekarar. Amma darajar ita ce abin dubawa. Na nuna masa lambar da yatsa.

Yaya ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da ido, ko da yake ba ya karanta boko. Ya dubi dattawa ya ce, "Na gane. Ta yi ƙiba amma ba ta haihu ba. Ashe juya ka saya, Mushe. Kana ta ba ta dusa tana sheƙi, ba ɗan maraƙi ba nono."

Dattawa suka fashe da dariya. A daidai lokacin matata tana bakin ƙofar cikin gida, ta riƙo gefe ɗaya na tiren abinci, Hajiya matar Yaya ta riƙo ɗayan. Dariyar ta mutu a hankali, daga na kusa da ƙofa zuwa na nesa. Na ga fuskar Yaya lokacin da ya waiwaya ya gan ta.  Ita kuwa ta ajiye tiren a tsakiya, ta gyara shi, ta ce, "A ci lafiya," ta koma ciki.

Na fizge takardata na sa takalmi. Tsohon direba ya riƙo rigata, na ɓamɓare hannunsa. Ban ci ko loma ɗaya ba.

Tsakanin gidan Baba da gidan da nake haya layi uku ne, irin layukan yashin nan da muke kira von. Ina tafe ina magana ni kaɗai, masu zemijan, 'yan acaɓan garinmu, suna kauce mini. Matata ta dawo bayan la'asar da ƙullin abincina a kwano. Na ce ta mayar.

"Malam, da takardarka yake, ba da ni ba."

"A gaban mutane."

"A gaban mutane ka je kana yi musu karatu. Kuma ai bai yi ƙarya ba, ƙibar ce kawai. Zauna ka ci."

Na ga idonta ya yi ja, amma ban san ko kuka ta yi ko hayaƙin murhu ne ba, kuma ban tambaya ba. Na fi son in ce kuka ne. Fushina yana buƙatar hujja mai kyau, kuma kare mutuncin mata ya fi daɗin faɗa a kan cewa an yi wa kwantabul dariya a kan lissafinsa. Na daɗe ƙwarai kafin in yarda da wannan.

Washegari Yaya ya zo da kansa. Ya yi sallama sau uku a ƙofar gida. Ina zaune a ɗaki ina jinsa. Na ce wa matata ta ce ba na nan, ta ce ba za ta yi wa yayanta ƙarya ba. Ta fita ta kai masa ruwa, na ji suna magana ƙasa ƙasa. Ya jira kusan rabin awa a kan benci. Ban fito ba, ya tafi.

Ba mu yanke gaisuwa ba, kada a ɗora mini zunubin da ban yi ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a mu yi musabaha. Ranar Salla ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, in tashi kafin a kawo ruwa. Bikin suna da ɗaurin aure duk ina zuwa. Amma gaisuwar ita kaɗai ta rage, kuma zaman shekara ban sake taka shi ba. Duk Cika-ciki Hajiya da kanta take kawo mana kwano a rufe, shinkafa da wake da wagashi, ta ce, "Yayanka ya ce rabonka na tire." In ce an gode. Matata ta ci, ni in ce na ƙoshi.

Daga nan zaman shekarata ya koma na mutum biyu. In ambulan ya zo sai in jira ta dawo daga kasuwa. Ta yi wanka, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu ta ce, "To, karanto mana labarin 'yar'uwata Juya. Bana ta yi ƙiba ko ta rame?" Da farko sunan yana ƙona ni. Na ce ta daina, ta ce ita da 'yar'uwarta ba mai shiga tsakaninsu.

Akwai shekarar da roba ta faɗi, manja ya bi ta, lambar ƙasan shafi ta sauka ƙasa da abin da na zuba. Na kwana biyu ba na cin abinci sosai. Matata ta ce, "Ka sayar?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya fita daga hannunka? Lokacin da ta yi ƙiba ba ka ci ba, yanzu da ta rame ka daina cin abinci. Wannan dabba taka ita ce ke kiwonka." Akwai kuma shekarar da kamfanin tarho ya yi rabo mai kauri, na saya mata keken ɗinki da sarƙa. Ta ce wannan nono ne, ba haihuwa ba, amma an gode wa Juya. Kowane lokaci kuma, tana naɗe tabarma, sai ta ce, "Da ka kai wa Yaya ya gani." In ce sai wata shekara.

Ambulan shida muka buɗe tare. Ciwon bai ba mu lokaci ba. Ta fara cewa cikinta, muka je asibiti, aka ce a yi aiki, wata biyu tsakani aka yi mata sutura. Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe ta tare da ni. Ya zauna kwana uku a tabarmar ta'aziyya, kafaɗarsa tana taɓa tawa, yana amsa gaisuwar mutane a madadina. Rana ta uku da mutane suka watse ya ce, "Mushe." Na san abin da yake son faɗa. Na ce, "Allah ya ba da lada, Yaya," na miƙe na shiga ɗaki. A raina na ce wadda za a ba haƙurin ta tafi, yanzu me ya rage. Har yau in na tuna wannan miƙewar tawa sai in ji kunya ta rufe ni.

Ambulan na bakwai ya zo ya same ni ni kaɗai. Na shimfiɗa tabarma kamar kullum, na buɗe, na fara karantawa da ƙarfi, sai na ji muryata tana dawowa daga bangon maƙwabta. Na ƙarasa a zuci. Shekarar ta yi kyau, kusan komai ya tashi. Na zauna da takardar a cinya har aka kira magariba, ba wanda zan ce wa ka gani.

Mutum zai ɗauka a gari kamar Kwatano ba za a rasa abokin hira a kan irin wannan ba. A Zongo na rasa. In na ɗauko maganar a majalisar ƙofar masallaci, sai a saurare ni da ladabi kamar mai ba da labarin mafarki, daga nan a koma maganar kuɗin fito a iyaka da farashin raguna. Wani ya taɓa tambayata ko caca ce, na yi masa bayani har ya yi nadamar tambayar. A ofishin dillalan akwai wata madam mai gilashi da ke kula da asusuna. Nakan ƙirƙiri tambaya in hau zemijan in je, don kawai in ji wani ya ambaci sunayen kamfanonina da bakinsa. Tana da kirki, amma minti goma take da shi, kuma ina ganin idonta yana zuwa kan agogo.

Sai na koma kai ambulan bakin teku a Fidjrossè. In zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa in buɗe, in karanta a hankali, ƙarar ruwa ta rufe muryata. Ina gamawa in ce, "Bana ta yi ƙiba," ko "Bana ta rame," in ninke in dawo gida. Ina da littafi da nake zana tashi da faɗuwar kowace shekara da jan biro da shuɗi. Babu littafin lissafi mai tsabtarsa a duk Zongo, kuma ba wanda ya taɓa buɗe shi sai ni. Kwanon Hajiya bai fasa zuwa ba. Yanzu da ba mai ci, sai na fara ci da kaina, a tsaye, kamar ɓarawo.

Ana nan hawan jini ya buge Yaya a gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na je asibiti sau biyu, duka na same shi yana barci, na ji daɗin hakan. Da aka dawo da shi gida nakan tsaya a zaure in tambayi Hajiya jiki. Ta ce mini tunaninsa yana zuwa yana tafiya, wani lokaci yana tambayar Baba ko ya dawo daga Parakou. Ta ce, "Ka shigo mana, yana cigiyarka." In ce kada a tashe shi, zan dawo.

Ambulan na goma sha biyu ne ya zo da abin da ban gane ba. A layin kamfanin manja, adadin hannayena ya ƙaru, alhali ban sayi ko ɗaya ba. Na ɗauka kuskure ne, har na ji daɗin zan kama ofishin da kuskure. Na je wurin madam na ajiye mata takardar. Ta duba ta yi murmushi ta ce ba kuskure ba ne. Kamfanin ya tara riba, maimakon ya raba kuɗi sai ya ba masu hannu ƙarin hannaye kyauta, gwargwadon abin da kowa yake da shi.

Na ce, "Wato waɗanda nake da su ne suka kawo waɗansu."

Ta ce haka ne.

"Su ma sababbin za su riƙa kawo rabo?"

Ta ce ƙwarai.

Na fito titi ina dariya ni kaɗai. Juya ta haihu. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da tambayar nan a ƙirji, yau ga amsa da hatimi. Na juya in ce wa matata, wallahi sai da na juya, a tsakiyar titi. Daga nan na tsayar da zemijan na ce Zongo, na faɗi layin gidan Baba.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Ba sulhu ya kai ni ba, nasara na je karɓa. A kan babur ina ta shirya yadda zan faɗa, da yadda zan ajiye takardar a gabansa.

Hajiya ta gan ni na wuce zaure na shigo tsakar gida, ta saki muciyar da ke hannunta. Ta ɗaga mini labule. Yaya yana kishingiɗe a katifa a ƙasa, an jingina shi da matasai. Mutumin da yake ɗaga tayar kamiyo shi kaɗai ya koma rabinsa. Hannunsa na dama yana ajiye a cinya, yatsun a naɗe. Ya daɗe yana dubana.

"Mushe."

"Na'am, Yaya. Ya jiki?"

"Ka daɗe ba ka zo ba. Lekol ce ta riƙe ka?"

Na durƙusa kusa da shi. Duk jawabin da na shirya ya watse, guntunsa kawai ya rage a bakina, shi na faɗa. Na ce, "Yaya, albishir na kawo maka. Ta haihu."

Hannuna yana aljihu zan zaro takardar. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya kamo wuyan hannuna da hagunsa, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Ƙanwata ta sauka?"

Na bar takardar a aljihu.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Hajiya, kin ji? Ƙanwata ta sauka." Hawaye yana bin gefen hancinsa yana shiga gemu. "Kullum sai na roƙa mata. Kowace salla, Mushe. Tun ranar nan."

Na dubi Hajiya. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi. Ta girgiza mini kai a hankali, alamar kada in gyara masa.

Yaya ya ce, "Mace ko namiji?"

Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin lissafi, ban taɓa canza lamba ɗaya don in faranta wa wani ba, kuma da wannan nake taƙama. Na ce, "Mace ce, Yaya."

"Masha Allah. A sa mata sunan Inna. Ragon suna nawa ne, kada ka sayi komai." Ya ja numfashi, bai saki hannuna ba. "Ka ce wa ƙanwata ta yafe mini. Bakina ne ya riga hankalina. Wallahi da takardarka nake, ban san tana tsaye ba. Na zo in faɗa maka, ba ka fito ba."

Na ce, "Ta yafe maka, Yaya. Tun a ranar ta yafe." Wannan kam gaskiya ce.

"Kai fa?"

Na sunkuyar da kai na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da muka binne ta. Yana ta bubbuga bayana da hannu ɗaya yana cewa, "Haba Mushe, ranar farin ciki ce."

Hajiya ta kawo abinci a kwano ɗaya. Ta ce tun da abin ya same shi ba ya yarda ya ci da hagu, ita take ba shi. Na wanke hannu na ce ta bari. Na riƙa ɗebowa ina ba shi loma, ina cin loma. Takardar tana aljihuna, ban fito da ita ba.

Daga ranar kullum bayan la'asar ina can. Abubuwa da yawa sun ci gaba da zube masa. Ya manta an sayar da motar Baba, wata rana ya manta sunan jikansa. Maganar rago ma bai sake tayar da ita ba. Amma wannan labari ɗaya ya zauna daram. Da na ɗaga labule zai ce, "Mushe, ya mai jego?" In ce tana gaishe ka. "Yarinya fa?" In ce tana ƙiba. Sai ya yi dariya ya ce a kawo masa ita in ta yi ƙwari, in ce to. Wata tara muka yi a haka. Na tambayi malamin nan hukuncin abin da nake yi, ya ce in yawaita istigfari, kuma kada in fasa zuwa.

Ya rasu ana saura 'yan makonni Cika-ciki. Da watan ya kama, 'ya'yansa suka aiko a kira ni zaman shekara, domin yanzu ni ne babba. Na zauna a wurinsa a zauren Baba, aka gama lissafin mota, duk suka zuba mini ido. Na buɗe baki in yi tambayar, muryata ta ƙi fita. Sai da babban ɗansa ya yi ta a madadina.

Hannayen nan suna nan, ban sayar ba. Waɗanda aka haifa su ma suna kawo rabonsu. Ambulan na bana ya zo, yana kan tebur kusa da keken ɗinkinta, yau kwana tara ban buɗe shi ba.